Carbina Ne Ya Hana Mota Shiga Giya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Musa ne daga Lafia. Masu mota otomatik, ku saurara.

Ƙanena Sani ya ari motata zuwa biki a Doma. Washegari na hau hanyar Agyaragu, sai mota ta kama gurnani, ta ƙi shiga giyar ƙarshe. Na kira Sani na wanke shi tas, na ce ya kashe min giyabos. Sati biyu ba mu gaisa ba.

Makaniken farko ko tayar da ita bai yi ba, ya ce sai an sauke giyabos. Hankalina ya tashi. Na kai wa wani dattijon makanike ɗan ƙabilar Tibi a hanyar Shabu, ya ce mu zaga da ita tukuna. Yana tuƙi yana sauraren canjin giya: ɗaya, biyu, uku, shiru. Sai ya warware carbin da nake naɗewa a sandar giya, ya danna wani ɗan maɓalli a gefenta. Nan take mota ta shiga huɗu, lafiya lau.

Ya ce, "Alhaji, motarka ba shi da ciwo. Carbinka ne ya danne wannan."

Na yi hamdala, kunya kuma ta rufe ni.

Jama'a, kada ku yarda a kwance giya ba a zaga da mota ba. Kai kuma Sani, na san kana jin shirin nan. Ka yafe wa yayanka. Makulli yana nan, zo ka ɗauka.