Gurbin da Ban Duba Ba a Tsinken Gwajin Inna

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Sahabi, daga Gwandu nake rubuto muku.

Innata tana da ciwon suga, don haka kullum da safe nakan tsoma tsinken gwaji a fitsarinta. Tsinken yana da ƙananan gurabu masu sake launi, amma gurbin suga kaɗai nake dubawa, sauran gurabun na ɗauka ado ne. Da idonta ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi, sai muka ce shawara ce, muka yi ta ɗura mata jiƙo har mako biyu.

Ran nan ƙanwata Hadiza, ma'aikaciyar jinya a Kalgo, ta zo ta karɓi tsinken. Ta ce, "Yaya, wannan gurbin da ya sake launi fa? Bilirubin ne, ruwan matsarmama ya shigo fitsari. Nemo mota!"

A asibiti, hoton ciki ya nuna tsakuwa ce ta toshe hanyar matsarmama. An yi mata aiki, alhamdu lillahi. Jiya ma ita ta tuƙa mana tuwo.

Jama'a, in tsinke ya sake launi, ku nuna wa ma'aikatan lafiya. A gaishe mini da Hadiza, wadda ta karanta abin da na yi mako biyu ina jefarwa a bola.