Kwanon da Bai Iso Danchadi Ba

Kuɗɗin motata na farko tunkiyar innata ta. Ni nij ja ta har kasuwar Bodinga, tana turjewa, ni ko gabana na faɗuwa, don in Kaduna ta ƙi ni ban san da wane ido zan dubi tsohuwa ba. Ku gyara zama, ku bar dariyar tukuna, ba mu kai wurinta ba.

Masaƙa nis samu aiki, ta hannun Ummaru ɗan Kajiji, wanda yar riga ni zuwa. Aikina tura amalanken zare daga wanga inji zuwa wancan. Ɗaki guda munka kama unguwar Kakuri, ni da shi da ɓeraye.

To ni ɗan ci-rani na, kamar ubana. Da hadari ya fara haɗuwa sai ƙafata ta kama ƙaiƙayi. In tahi wurin akawu in ce za ni gida noma, shi miƙo takarda in dangwala. In gero ya shiga rumbu in komo, a ba ni sabon kati. Shekara tara ina hakanga. Akawun, wani Bazazzagi mai tabarau, ya taɓa tsai da ni.

"Bawa, kai fa ba hutu kake ɗauka ba. Ajiye aikin kake yi."

Nic ce, "Aje shi nikai mana, in na komo in ɗauki abina. Wa za ya sace man amalanke?"

Sai kawai yab buga hatimi. Har na ba mutane labarin yadda nik kashe bakin akawu.

Ummaru shi bai zuwa gida, sai dai shi aika kuɗɗin ƙwadago. Ba irin gorin da ban yi mashi ba. Ɗan birni nika ce mashi, wanda yam mance kamun hauya.

Da farar hula sunka karɓi mulki, kaya sunka yi tsada, sai ƙungiyar ma'aikata tac ce a tsai da aiki. Abu ukku muka biɗa: bonas na ƙarshen shekara, da fansho da garatuti ga wanda yab bar aiki, da kuɗɗin haya, wanda su ka kira hausin alawas. Ni da nij ji sunan, nic ce madalla, ashe Hausawa ma an tuna da mu. Anka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Amma wurin ihu ba wanda yak kai ni. Ni ag gaba riƙe da kwali, ban san abin da anka rubuta kai ba. Kwana goma sha ɗaya muryata ta dishe.

Mai gidan haya ko, tun ba a biya mu ko kwabo ba, sai ga shi bakin ƙofa.

"Na ji an ƙara muku kuɗin gida."

"Alhaji, ba a ƙara ba, roƙo mukai."

"To ni na ƙara. Ku same ni a can."

Daga baya kamfani yas sa hannu. Duk wanda yay yi shekara biyar yana aiki, in an sallame shi yana da haƙƙinai cikakke. Nic ce biyar? Ni mai tara! Ba a daɗe ba abubuwa sunka tsuke, ostariti sunka kira shi, auduga ta yanke, anka ce za a rage mutane. Kowa na baƙin ciki, ni ina murna a ɓoye. Nis sa anka rubuta ma matata Kulu wasiƙa: a kware jinkar ɗakinmu, ta tsufa, ga ni nan tahe da bandir ɗin kwano kahin ruwa shi sauka. Har nic ce a faɗa ma maƙwabta.

Ranar biya Ummaru yas shiga yah hito yana share zufa, aljihu ya kumbura. Nis shiga da sallamata mai ƙarfi. Akawu yaj jawo fayil yad dube ni ta saman tabarau.

"Bawa Danchadi, wata bakwai."

"Shekara tara dai, ranka shi daɗe."

Sai yaz zube katuttuka tara bisa tebur, kowane da dangwalena. "Sau takwas ka bar aiki da kanka, sau tara muna ɗaukarka sabo. Yarjejeniya ta ce shekara biyar a jere."

Nit tahi wurin shugaban ƙungiya, wanda nika ɗauka ma jaka lokacin yajin aiki. Yak kai ni ofishin leba. Jami'in yak karanta takarduna, yas sake karantawa, yat tambaye ni ko tilasta man anka yi nid dangwala. Wallahi na so in yi ƙarya, bakina yaƙ ƙi. Nic ce a'a, gero nika zuwa nomawa. Yac ce to doka ba ta san damina ba. Albashin wata guda anka ba ni. Nan bakin ofishin niz zauna niy yi kuka irin na ƙananan yara, ban ɓoye maku.

Ummarun da nika ma gori shi yab biya man mota, bai ko tuna man ba.

Da la'asar nis sauka Danchadi, jaka guda ga hannu. Tun daga nesa nih hangi ɗakina, kai buɗe, katanga tsirara, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kulu ta bi umurni sarai, har tsohuwar jinkar ta ba maƙwabta sun yi ma awaki rumfa. Mutane sun taru taryen kwano. Wani dattijo har yana leƙen bayana ko motar kaya na biye.

Kulu tad dubi jakar, tad dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi man sauƙi. Tas shiga madafa tah hito da lauje tam miƙo man.

"Malam, gamba na nan bakin fadama. Yi sauri, ruwa bai jiran fansho."