Tsohon da Ke Korar Awaki a Waya

A tashar Karaye, ana jiran motar Rogo ta cika, wani dattijo ya leƙa wayar matashiyar da ke kusa da shi.

"'Yata, ke ma wannan gem ɗin gonar gyaɗar kike yi?"

"Wallahi Baba, duk ofishinmu shi ake bugawa. Wani saurayi ɗan Jajaye ne ya ƙirƙira shi, shi kaɗai. An ce har Legas ana sauke shi, masu sharhi sai yabo suke yi."

"Yabon me? Rashin tarbiyya ne. Ya sa dattijo yana bin awaki da sanda, yana tuntuɓe a tsakiyar gona."

"Ai wannan tsohon ne daɗin wasan! Jiya da gangan na bar awakin suka cinye gyaɗar, don kawai in ji faɗansa. Kowa sonsa yake yi."

Dattijon ya juyo ya dube ta. "Sonsa ake yi?"

"Sosai. Wani mai sharhi ma cewa ya yi ya tuna masa da kakansa."

"Miƙo in gani."

Ya kawo wayar dab da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Sandar dai ita ce. Amma ni ban taɓa sa jar hula ba, kuma sau ɗaya tak na faɗi."