Kofin da Ba Zan Kai Gida Ba

Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu ta masu sharhin wasanni, masu horar da 'yan wasa, alƙalan wasa da muka daɗe muna caccaka a rediyo suna haƙuri, tsofaffin 'yan ƙwallon kwando da ke jere a gaba, iyayenmu mata, abokan aiki, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama, ina godiya ga wanda ya goge kofin nan har yake ɗaukar ido, ina godiya da tafin da kuka yi mini da aka kira ni. Sai dai ina roƙon ku adana sauran tafin, domin abin da na zo da shi ba na tafi ba ne.

Magana ta farko, saboda baƙin da ba su san al'adarmu ba. Ku dubi baƙin allon da ke bayana. Duk shekara idan an zo wasannin fitar da gwani, inda ƙungiyoyi biyu ke ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu, kowane mai sharhi yakan rubuta hasashensa a nan da alli, ya rubuta dalilinsa a ƙasa, sannan ya je gidan rediyonsa ya maimaita. Hasashen da ba dalili ba ma karɓarsa. Mu muka kafa wannan doka, kuma ni na fi kowa zaƙewa a kanta, don kada a ce mana 'yan duba. Shekara goma sha ɗaya sunana ne a saman allon nan, har kuka sa mini Malam Ba-Kuskure, har kaina ya kumbura na fara yarda da ku.

Magana ta biyu ita ce mai nauyin. Bana kowa ya ba masu jar riga nasara, domin suna da Bahago, wanda in ya ɗaga hannun hagun nan daga nesa, mai tsaronsa juyawa kawai yake yi ya kalli kwando. Da yawanku ba ku sani ba, Bahago ɗan ƙanwata ne. Ni na yi masa huɗuba, ni na saya masa ƙwallonsa ta farko. Saura kwana uku a fara wasa, na shiga gidan uwarsa da hantsi, na same shi a falo ya miƙa mata hannu tana shafa masa magani, wuyan hannun ya kumbura suntum. Da ya gan ni sai ya ja hannun riga ya rufe, ya ce, “Kawu, tsagewa ce 'yar kaɗan. Daga likitanmu sai Mama sai kai. Ka rufa mini asiri.” Ƙanwata ta yi dariya ta ce, “Kai ma dai, Yaya ne fa.”

Jama'a, ku ji da kyau. Ta ce, Yaya ne fa.

Washegari na zo nan na ɗauki alli. Ban rubuta komai game da hannu ba, na dai ce masu jar riga ba za su kai ba, dalili kuma gajiya. Da muka shiga ɗakin watsa shiri, aka kunna jar fitila, abokin aikina ya kwashe da dariya ya ce, “Haba Malam, gajiya? Bana kam tsufa ya zo. In ba ka da dalili ka ce ba ka da shi, mu sauke ka daga allo cikin mutunci.” Ba laifinsa ba ne, aikinsa ke nan ya tsokane ni. Amma raina ya ɓaci, na ji kamar duk gari ni yake wa dariya. Na matso da bakina kusa da abin magana na ce, “Ku sa ido a kan wuyan hannun hagun Bahago.” Kalma tara. Na ƙirga su sau ba adadi.

Ku masu horarwa kun san abin da ake yi da irin wannan labari, kuma ban zo in zarge ku ba. Tun daga wasan farko masu farar riga suka bi hannun nan. In ya tashi jifa, hannun suke duka. In ya nemi hanya, ta hagu suke matse shi. Alƙali ya busa, su ɗaga hannu su ba da haƙuri, su sake. Ina zaune a kujerar 'yan jarida ina gani yana cije leɓe, ina rubuta maki. A wasa na huɗu ya faɗi a kan hannun, ƙarar karayar ta kai har inda muke. Likitoci sun yi aiki sau biyu. Yau Bahago ba ya iya riƙe kofin shayi da hannun da ya tayar da dubban mutane tsaye.

Masu jar riga kuwa ba su kai ba. Hasashena ya fito daidai, shi ya sa kuka tara ni a nan.

Na je asibiti. Wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya yunƙura ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya ce, “Kawu, an ce bana ma kai ka ci. Barka.” Uwarsa tana gefen gado tana ninke masa kaya, ba ta ɗago ba, ta ce, “Malam Ba-Kuskure, ka bar shi ya huta.” Shekara hamsin tana ce mini Yaya. Daga ranar nan ba ta sake ba. Na aika mata da katin wannan taro, ga kujerarta can a layi na biyu, kowa yana ganinta ba kowa a kai.

Magana ta uku gajera ce, gare ku abokan aiki. Mukan ce lambobi muke karantawa, mukan ce tarihi muke bi. Amma bakinmu yana shiga fili kafin 'yan wasa su shiga, kuma waɗanda muke hasashe a kansu suna da ƙashi, suna da uwaye. Ni ban hango abin da zai faru ba, ni na jawo shi.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina roƙon a goge sunana daga allon nan, na bana da na baya duka. Kofin kuma ga shi a kan tebur. Ba ni da inda zan ajiye shi a gidana.

Allah Ya ba Bahago lafiya, Ya buɗe masa wata hanyar. Allah Ya tsare 'yan wasanmu daga rauni, Ya tsare su daga bakunanmu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku taya ni roƙo guda ɗaya: Allah Ya sa kafin in bar duniya in sake jin ƙanwata ta ce mini Yaya.

Na gode.