Bindigar Roba da Motar Langalanga

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Barunde nake rubutowa.

Akwai wani mai walda a layinmu, Isa, wanda yaƙi ya koro daga Afirka ta Tsakiya. Ranar Sallah ɗana ya auna shi da bindigar roba. Na taso zan make yaron, sai Isa ya ce, "Bar shi, Yaya. Ina kamar shi aka damƙa min ta gaske."

Washegari ya ƙera masa motar langalanga, suka yi musaya. Wallahi yanzu duk yaran layin mota suke turawa, bindigoginsu na cikin buhu a shagonsa.

A gaishe min da Isa. Hannun da aka koya wa harbi, yau shi ke yi wa 'ya'yanmu motoci. Allah mai iko!