Maɓallin da ke katse wayar Baba

Jiya na kai jaririyata rigakafi, har kilonta ya ƙaru fa! Muna zaune a layi na ji wani mai aikin kwamfuta yana yi wa wani dattijo makaho bayani.

"Baba, ni na sa maɓallin nan a shafin asibitin. Ka danna kawai, ya karanta maka komai."

"Ashe kai ne? Da can wayata ke karanta min, in kama ranar ganin likita da kaina. Yanzu muryoyi biyu ke magana tare. Sati uku maganina ya ƙare."

"Kamfanin ya ce sun gwada."

"Da makaho?"

Baban ya miƙo masa wayarsa.

"Zauna, ɗana. Ga wayar, rufe idonka, ka samo min ranar Litinin."