Babbar Guduma

A rumfar mai sayar da guduma, wani mutum yana ta dariya shi kaɗai, hannuwansa duk baƙin mai. Dattijon da ke gefensa ya kasa haƙuri.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Da hannun nan na sauya wa tsohuwar motata inji. Shekara huɗu tana kwance a tsakar gida, yau ina murɗa makulli ta tashi."

"Barka. To, gudumar fa?"

"Ai da muka fidda rai da ita, mai ɗakina ta gina ɗakin girki a hanyar fita."

"Ta san za ka rushe shi?"

"Tana zaune cikin motar, Baba. Ita ta aiko ni, wai in zaɓo babba."